Akwatin da Na Ɗauka a Tumunin Takaba

Har yau in hira ta biyo ta kaina a unguwarmu ta Tambuwal, sai ka ji an ce ai ita ce matar nan da ta ba da saniya ta karɓi fina-finai. Gaskiya suka faɗa, ban taɓa musawa ba. Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda suke faɗa da tausayi, kamar wadda aka damfara a tasha. Ba wanda ya damfare ni. Da hankalina na yi, kuma da za a sake zaman nan gobe, abin da na faɗa shi zan sake faɗa.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, malamin gona ne, ni kuma malamar firamare. Ba a jima da aurenmu ba aka tura shi Kebbe, muka tattara muka koma. A lokacin gidan da muka samu ba wutar lantarki, sai ya sayo 'yar talabijin da bidiyo, ya haɗa su da batirin mota. Kaset ɗin farko wani mai yi wa ƙasa hidima ne ya bar masa da zai koma garinsu. Daga nan cutar ta kama shi. Duk sanda aiki ya kai shi Sakkwato, mazan mutane su dawo wa matansu da atamfa ko tsire, nawa ya shigo yana murmushi da kaset a aljihun riga. Na yi faɗa, na yi gori, na ce ko kaset ɗin zan ɗaura in tafi biki. Sai ya ce in zauna in gani tukuna, in bai yi mini ba ya mayar. Bai taɓa mayar da ko ɗaya ba, domin ni ce nake fara cewa a sake sakawa.

Wani kafinta ya yi masa akwatin katako mai murfi. Da zamanin kaset ya wuce ya bi su ɗaya-ɗaya yana neman irinsu a faifai, har akwatin ya cika ya fara ƙin rufuwa. Ba ya tara iri ɗaya. Akwai na Indiya tsofaffi, baƙi da fari, na tun kafin a haife mu. Akwai na Misira, na Iran, na Japan, na Rasha masu sanyin da har a ɗaki sai ka ji kana neman mayafi, da na Mali da Senegal waɗanda mutanensu ke zama a tabarma irin tamu. Akwai wasu ma da ba a magana a cikinsu ko kaɗan, sai gudu da faɗuwa, su ne yara suka fi so. Yakan ce wanda bai taɓa cin tuwon wani gida ba shi ke cewa uwarsa ta fi kowa iya miya, ni kuma in ce ya je ya faɗa wa tasa uwar in ya isa.

Ranar Juma'a bayan La'asar muke kallo, a Kebbe da kuma bayan mun dawo Tambuwal. Matan maƙwabta su shigo da 'ya'yansu, a shimfiɗa tabarmi, shi yana kan kujera da rimot a hannu. In wurin da bai dace ba ya taho, ya san shi tun daga nesa, sai ya tsallake. Amma fa ka yi haƙuri da shi in gona ta fito. Ana tsakiyar rigima, miji zai kori mata, kowa ya yi tsit, sai ya tsayar da fim ɗin ya tashi ya je gaban talabijin yana nuna bayan mutanen da yatsa.

"Ku dubi tazarar shukassu," in ji shi. "Ku dubi wada sunka ja kunya. Mutanen ga sun san ƙasa."

Mata su yi ta tsaki a ɓoye. Ni a fili nake yin nawa.

Shi ne kuma mai fassara, tun kafin samari su mayar da fassarar fim sana'a. Rubutun Turancin da ke fitowa a ƙasa yake dubawa, ya juya shi zuwa Hausar gida. To, Turancina ya fi nasa, shi ma ya sani, don haka na san irin ɓarnar da yake yi. Mutumin Rasha ya ce abu ɗaya, shi ya sa masa karin maganar mutanen ƙauyen Fakku a baki. In na ce masa ba haka aka rubuta ba, sai ya ce ai shi ba takarda yake fassarawa ba, mutum yake fassarawa, in zuba ido in ga ko fuskar mutumin ba abin da take faɗa ba ke nan.

Akwai wani tsohon fim, baƙi da fari, na wata ƙasa mai noman shinkafa. Labarin wata tsohuwa ne da ɗanta mai tuƙa kwale-kwale. Kullum safiya sai ta zo bakin kogi da abincinsa a ƙunshe, ta miƙa masa, ta yi masa faɗa, ta koma. A ƙarshe ya sami aiki a birni, ta rako shi bakin ruwa, ta yi masa magana ɗaya kafin jirgin ya tashi. Rubutun ƙasa ya ce, ka dawo da wuri ɗana, zan jira ka. Maigidana bai taɓa faɗin haka ba. Sai ya maƙale murya irin ta tsofaffi ya ce, "Gyara hulakka, kamaɗ ɗan da ba shi da uwa."

Na san inda ya samo ta. Maganar mahaifiyarsa ce, wadda muke kira Inna. Tana zaune a Sanyinna, kuma duk sanda muka je gaishe ta, in za mu tafi, ba ta cewa Allah ya kiyaye, ba ta cewa sai yaushe. Sai ta dube shi sama da ƙasa ta faɗi wannan magana, ko da hular a daidai take, ta juya ta shige ɗaki. Inna ba ta nuna so a fili, irin matan da ne masu kara. Sau ɗaya ta taɓa ganin fim ɗin, lokacin da ta zo mana jinyar ido. Da aka zo wurin, ya faɗi maganar a gabanta, ɗaki ya ɗauki dariya. Ita ko ta ce ashe har ƙasar waje akwai 'ya'yan banza, ta ci gaba da jan carbinta.

Ciwon ajalinsa bai daɗe ba. Da damina ne, gero ya fara fitar da kai. Ba zan tsaya a kan wannan ba, domin har yanzu in na tsaya ba na iya wucewa.

Ana gama sadakar bakwai, wansa ya yi sallama a ƙofar ɗakina. Shi ne babba a gidansu, manomi ne a Sanyinna, mutum mai tsare salla da azumi, kuma ina kiransa Yaya. Ina cikin takaba, don haka ta bayan labule muka gaisa. Bayan ta'aziyya ya gyara murya.

"Malama, akwatin ga na marigayi nika son a fito da shi. Ƙona shi za a yi. Duk wanda yak kalli abin ga, zunubi na bin marigayi har cikin kabari. Ba mu barin ƙanena shina shan azaba muna da rai."

Ba zan yi masa ƙarya ba. Tsoro yake ji wa ɗan'uwansa da gaske. Amma ni abin da na ji shi ne, mutumin da na zauna da shi shekara da shekaru, wanda bai taɓa cin haƙƙin manomi ko buhun taki ɗaya ba, yau an mayar da shi mai zunubi tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Na ce, "Yaya, kun taɓa ganin abin da ac ciki?"

Ya ce Allah ya tsare shi.

Na ce, "To ni na gani, duka. Kuma ba a taɓa kayan mamaci ko allura sai an raba gado. Ku kunka koya muna hakanan."

Sai ya ce shara ba ta shiga gado. Na ce in shara ce, to a ɗakina take, kuma ban taɓa jin an zo daga Sanyinna a share wa mace ɗaki ba. Wannan magana ta yi tsauri a tsakanin mace da wan mijinta, na sani. Ya tashi bai yi sallama ba. Yana fita na sa 'ya'yana mata suka jawo akwatin daga falo muka tura shi ƙarƙashin gadona. Duk ƙarfin halin namiji ba ya kutsawa ɗakin mai takaba.

Daga nan aka fara aiko mini da mata. Wannan ta zo da fura ta yi nasiha, waccan ta zo da goro ta kawo labarin wani da aka yi mafarkinsa yana kuka saboda rediyon da ya bari. Wasu cikinsu su ne masu rige-rigen tabarma a gidana ranar Juma'a. Ɗaya ma da ta fi kowa kuka a fim ɗin Indiya ita ta fi kowa wa'azi. Na bar ta ta gama, na tambaye ta ko hawayen da ta zubar a falona za ta zo ta kwashe abinta. Ba ta sake dawowa ba. Aka kuma baza cewa ina kallo cikin takaba. Wannan ƙarya ce. Ban buɗe akwatin ba ko sau ɗaya, ba don tsoron bakinsu ba, zuciyata ce ba za ta ɗauka ba. Amma ban tsaya wanke kaina wurin kowa ba, na bar su da abin da suka ga dama.

Bayan sadakar arba'in aka zauna rabon gado a tsakar gidanmu. Aka kira wani dattijon malami da ya saba wannan aiki a unguwa. Yaya ya zo a matsayin mai kula da marayu, domin shi ba shi da kaso tunda marigayi ya bar ɗa namiji. Inna tana da nata kason na uwa, aka shimfiɗa mata tabarma a inuwa, ta zauna ta rufe fuska. Ni ina bakin ƙofata a bayan labule. Aka fito da komai, babur, tufafi, kayan aikinsa, aka ambaci gona da gida da 'yan dabbobin da muke da su. Cikinsu akwai wata jar saniya da ke hannun wani Bafulatani a wajen Kebbe, mai yawan haihuwa. Kowa ya riga ya san ita za ta faɗo a tumunina, wato kason da matar mamaci ke samu, har mata sun fara yi mini barka da abin dogaro.

Da aka kusa gamawa na ce, "Allah gafarta Malam, akwai sauran kaya ɗaka." Na sa aka fito da akwatin aka ajiye a tsakiyar fili.

Yaya ya miƙe zaune. Ya ce wannan ba dukiya ba ce, haramun ce, wuta ce maganinta. Malam ya ɗaga murfin, ya ɗauki faifai ɗaya ya juya shi, ya tambayi wanda ya san abin da ke ciki a cikin mazan da ke wurin. Ba wanda ya amsa, har da waɗanda na sha kai wa ruwan sanyi suna leƙe ta taga. Malam ya ce shi ba ya haramta abin da bai gani ba, kuma ba ya ba da umarnin ƙona abin da marayu ke da haƙƙi a ciki. In ana sayen irinsa a kasuwa, to kaya ne, a yi masa ƙima kamar sauran, wanda ya faɗo wa shi da Allahnsa.

A irin wannan zama dattawan da ke wurin ne ke yi wa kowane abu ƙima, a yi ta ja har a daidaita. Nan Yaya ya yi kuskurensa. Ya san halin mata da saniya, ya ɗauka nawa halin ma haka yake. Ya yi 'yar dariya ya ce tunda abin ya zama dukiya mai daraja har ana ɓoye shi ƙarƙashin gado, to shi ƙimar da ya yi masa ita ce ƙimar jar saniya. Wadda ke son akwati ta bar saniya. So yake in ja da baya, a rasa mai ɗauka, sa'annan ya ce to ga shi ba mai so, a ƙone.

Malam ya ce wannan ƙima ta wuce hankali, ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Ya fara neman a rage.

Na ce, "Na karɓa."

Malam ya juyo wajen labule.

"Ɗiyata, kin ji abin da anka ce? Saniya ta fa, mai rai, mai haifuwa. Ba kowa ka tilasta miki ba."

"Na jiya, Allah gafarta Malam. Yaya da bakinai yac ce akwatin ga ya kai saniya. Ban taɓa jin an yi wa shara ƙima ba. A sa shi cikin tumunina, saniya ta koma wajen yara. Kuma ku shaida, daga yau nau na. In da zunubi cikinai, ni ka ɗauka, a ƙyale marigayi shi kwanta."

Malam ya sake tambayata, na sake ba shi amsa ɗaya. Ya ce tunda mai haƙƙi ta yarda, kuma marayu ba su cutu ba, sai ma ƙaruwa da suka yi, shi ba shi da ta cewa. Aka shafa fatiha. Yaya ya tashi yana kaɗa riga, ya ce taurin kai irin wannan bai taɓa gani ba. Inna ko har aka ɗora ta a babur ba ta dubi inda nake ba, na ce a raina shi ke nan, na ɓata da ita ma.

Ba zan ce ban ji rashin saniyar nan ba. Na ji, musamman da albashi ya riƙa makara, ga hidimar yara. Kasonsu yana hannun Yaya har su girma, kuma ya riƙe amana, wannan ba zan hana shi ba. Amma duk sanda zan nemi wani abu a ciki sai na aika Sanyinna na jira, alhali da ina da tawa saniyar da ba sai na tambayi kowa ba. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, na kuma tsaya ya doke ni ban kai wa kowa kuka ba.

Na fita takaba, aka yi 'yar sadaka, na koma makaranta. Akwatin ya koma falo inda yake a da. Sai ga shi Juma'a ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, na kasa buɗe shi. Na yi faɗa da gari guda a kan abu, ga shi a gabana, ina share masa ƙura kamar kwalliya. Ba faifan nake tsoro ba. Kujerar nan nake tsoro, da shirun da zai biyo baya in mutumin Rasha ya buɗe baki ba mai sa masa magana.

Wata Juma'a bayan an sauko masallaci na ji tsayuwar babur a ƙofar gida. Inna ce, ita kaɗai, ɗan acaba ya riƙo mata hannu har zaure, domin idon ya ƙara lalacewa. Na ɗauka faɗan da ba ta yi a ranar rabo ba ne ta kawo mini har gida. Na durƙusa na gaishe ta, na kawo ruwa, na kawo fura. Ta sha, ta tambayi yara, ta yi La'asar. Sai ta zauna a tabarma ta fuskanci talabijin.

"Abin ga da kinka saya da saniya," in ji ta, "shina nan ko kin sai da?"

Na ce yana nan, Inna.

"Sa min na tsohuwag ga mai bakin kogi."

Na tashi na nemo shi. Yara suka shigo suka zauna. Ban hau kujerarsa ba, a ƙasa na zauna kusa da ita da rimot. Ba ta ganin komai sai haske da inuwa, don haka ni ce idonta, ni ce kuma mai fassara. Na riƙa karanta rubutun ƙasa ina juya mata shi tsaf yadda yake, kamar ina gaban aji. Har muka zo bakin ruwa, ɗan ya shiga jirgi, tsohuwar ta buɗe baki. Na san abin da ya kamata in faɗa, amma na kasa. Sai na bi takarda.

Na ce, "Ta ce mishi, ka dawo da wuri ɗana, ina jiranka."

Inna ta juyo da fuskarta wajena.

"Ƙarya kika yi. Ba hakanan tac ce ba."

Na tsayar da fim ɗin.

"Maida shi baya," in ji ta.

Na mayar. Jirgin ya dawo bakin gaɓa, ɗan ya sake tsayawa da jakarsa, tsohuwar ta sake buɗe baki. Kafin in ce komai Inna ta riga ni. Ba ta ɗaga murya ba, kuma ba ni take yi wa magana ba.

"Gyara hulakka," ta ce, "kamaɗ ɗan da ba shi da uwa."

Matar da ba wanda ya ga hawayenta ranar jana'iza, ta ja bakin mayafi ta rufe fuska. Jirgin ya tashi, rubutun ƙarshe ya fara hawa. Daga cikin mayafin ta ce in sake maida shi baya.